Ƙasar da Kare Bai Taɓa Takawa Ba

Bulus, ka ce in ka turo birkila wata mai zuwa har da ramin nan na gindin katanga za a toshe, wai yana ɓata wa gidan fasali. Ke kuma Rifkatu, duk zuwan da za ki yi sai kin tsaya kin yi wa Baƙuwa faɗa, wai karyar gidanmu ce amma rabin rayuwarta a gidan maƙwabta, ba ta da amana. Na ji ku duka, na yi dariyata na ƙyale ku. Shekarar da abin ya faru kuna makaranta, ke a Jos, shi a Zariya, kuma da kuka dawo hutu ban iya ba ku labarin ba, don lokacin in na buɗe baki sunan mamanku ne ke fara fitowa. Yanzu da likita ya hana ni doguwar tuƙi, ga ni ga kujera ga lokaci, bari in faɗa muku yadda aka yi, kafin wani ya kwaɓa siminti.

Sai na fara da Dama, uwar Baƙuwa. Kun tashi kun gan ta a gida, amma ba ku san zuwanta ba. A Damagaram na same ta, shi ya sa sunan. Na je sauke kaya, na yi lodin dabino zan juyo, ban san da ita ba sai da na tsaya shan shayi a hanya, na leƙa baya na ga wata siririyar aba mai launin yashi ta kwanta a kan buhuna tana kallona kamar ita ta biya kuɗin motar. Ƙafafu dogaye, ciki a ɗame, in tana tafiya sai ka ce ba ta son ta dami ƙasa. Da na iso unguwarmu ta Dutse Alhaji a Abuja, mamanku ta fito ta dube ta, ta dube ni.

“Na ce ka zo mini da cuku da tabarma, ka zo mini da baki. To, me take ci?”

Kafin wata ya ƙare ni na zama baƙo a tsakaninsu. Na zaga ƙasar nan da motar kaya, na shiga Nijar, na shiga Kamaru, na taɓa kwana a bakin ruwa a Kwatano ina jiran takarda, amma ban taɓa ganin mai ji kamar Dama ba. Tun ina kan titin Bwari, ban ma karya kwana ba, sai ta miƙe kunne ta je bakin ƙofa ta zauna. Mamanku kuwa da ta ga haka sai ta ɗora ruwan wanka. Ina shigowa ruwa ya yi zafi. Na sha tambayar ta yadda take sani, ta ce ita da Dama suna da wayarsu, ba ta cin kati.

Da mamanku ta rasu, Dama ta koma gindin gwaibar nan inda take zama tana tsince wake, ta kwanta, ta ƙi kowa. Yaya Laraba ta zo daga gida ta riƙe mini ɗaki, kun san ta, murya kamar tana kiran wanda ke ƙetaren kogi ko da kana gabanta. Muka yi ta lallaɓa Dama har ta dawo cin abinci. Can da damina, da tsufanta da komai, sai ga ta da ciki. Ta haifi biyar. Huɗu kamar an zuba su a kwano ɗaya, baƙaƙe, gajeru, ubansu ko waye Allah ya sani. Ta biyar kuwa ita ce Dama sak, launin yashi, ƙafafu kamar tsinke, sai dai ƙarama ce ƙwarai, ’yan’uwan suna ture ta daga nono, uwar ma ta daina kula ta. Yaya Laraba ta ce wannan ba ta zama ba ce, kuma ita ba ta zo Abuja renon kare ba. Ni kuma ga lodin Mubi ya faɗo. Sai na samo kwalin taliya, na shimfiɗa tsohon zanen mamanku a ciki, na ajiye ta kusa da giyar mota, muka kama hanya.

Wannan tafiyar har yau in na rufe ido ina ganin ta. Ƙarshen damina ne, komai kore, duwatsu kamar an wanke su. A gadar Numan da sassafe hazon ruwa ya rufe kogin, masunta suna ta shawagi a cikin farin abu kamar ba a kan ruwa suke ba, na tsaya na dama mata kunu a murfin kwano, na marmasa kifi a kai. Ta ci ta lashe, ta koma ta naɗe a zanen. Na yi ta yi mata hira. Na nuna mata inda tayata ta taɓa fashewa, da inda na saya wa mamanku ’yan kunnen da ta ce na jabu ne amma ta sa su har ta bar duniya. Wani lokacin sai in manta da wa nake magana. In juya in kira sunan mamanku in ce, “Kin gani ko, Saratu?” sai in ga kunne biyu sun leƙo daga kwali.

Na dawo ina sauke kaya a tashar Jabi waya ta yi ƙara. Yaya Laraba ce, kuma ran nan ne kaɗai na ji ta yi magana a hankali.

“Yakubu, kana ina?”

“Jabi. Yanzu zan taso, Yaya.”

“’Yar nan tana raye?”

“Tana raye, har ta yi ƙiba. Lafiya?”

“To kada ka shigo da ita. Ciwo ya shigo layinmu. Amai da gudawa da jini, wari kuwa ba a magana. Na gidan fasto sun tafi, na mai walda sun tafi. Namu huɗun jiya muka binne na ƙarshe.” Sannan ta ce, “Dama ma ta kwanta da safen nan. Ba ta tashi ba.”

Ban san yadda na isa bakin tafkin Jabi ba. Na ga dai kaina a zaune a mota, ƙofa a buɗe, masu gasa kifi suna fifita wuta, wasu yara a cikin jirgin fito suna ihu, ruwa yana ta wasa da hasken yamma. Abin da ke raina shi ne yau na karya kwanar Bwari ba wanda zai miƙe kunne. Duk wanda ya san ƙarar motata a duniya ya tafi. Sai na ji ana lasar gwiwar hannuna.

Wani direba ya kwatanta mini wata likitar dabbobi a Kuje, washegari na kai ta. Matashiya ce daga kudu, Hausarta ta kasuwa, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Ba ta bari na ajiye kwalin a ƙasa ba. Ta duba ’yar, ta yi mata allura, sannan ta zaunar da ni.

“Baba, wannan ciwo sunansa fabo. Ba ya kama mutum, amma yaran kare yana kashe su kamar wasa. An yi wa uwan allura?”

Na ce ta haukan kare kawai muka sani a zamaninmu.

“To ka ji. Allura ɗaya bai isa ba. Zai dawo, zai sake dawowa, sai ya yi wata huɗu da haihuwa kafin mu ce ya tsira. Kafin nan ƙafansa kada ya taɓa ƙasan gidanka. Ciwon yana zama cikin ƙasa wata da watanni. Yana bin takalmi, yana bin taya, yana bin hannu. Sabulu ba ya kashe shi, sai bilic. Ka nemo masa ƙasa da kare bai taɓa takawa ba.”

Na ce, “Dakta, a Abujar nan?”

Ta ce, “Kai ne direba. Kai ka san hanya.”

Kwana biyu ni da ita a mota, ina ɗauke da ita kamar amarya, ba ta taka ko’ina sai tsohuwar jarida. Na bi mutanena ɗaya bayan ɗaya a zuciya. ’Yan cocinmu kowa da karensa, wasu ma sun riga sun binne nasu. Abokina mai gona a Kuje karnuka uku gare shi. ’Yan bene kuma maigida ba ya yarda. Na zauna ina dariyar kaina: mutumin da ya san inda ake sayar da mai a tsakiyar Sahara ya rasa taku goma na ƙasa mai tsabta. Ina cikin wannan sai ladan ya kira la’asar a masallacin tasha, na ga mutane suna cire takalma a bakin ƙofa suna jerawa. Nan take gidan ya faɗo mini a rai. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun da aka aza tubalinsa kare bai taɓa shiga ba, kuma ba a shiga da takalmi.

Kun san Alhaji Sani, mutumin ma’aikatar ruwa, mai jarida a hammata, wanda in magana ta yi masa nauyi sai ya koma Turanci. Shekara da shekaru muna tare, naman layya ya tsallako katanga, shinkafar Kirsimeti ta tsallaka, amma ban taɓa roƙon sa abu irin wannan ba, kuma na san abin da nake roƙo. Na yi fakin nesa da layi, ban bi ta ƙofar gidana ba, na tsaya a get ɗinsa da kwali a hannu na yi sallama. Ya fito da jallabiya.

“A’a, Sarkin Hanya! Yaushe a gari? Mun ji abin da ya faru, sannu fa. Wannan tsarabar tawa ce?”

“Ranka ya daɗe, tsaraba ce, amma mai numfashi.”

Ya leƙa. Ya ja da baya taku ɗaya, ya tattare jallabiyarsa. Na yi masa bayanin likita tun daga farko. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya yi Turanci mai tsawo wanda ma’anarsa ita ce yana tausaya mini ƙwarai da gaske. Sannan ya dawo Hausa.

“Yakubu, ka san ba ƙi nake yi ba. Amma nan ake salla. Ga Hajiya, ka san ta da tsarki, ko kaza ta taka mata tabarma sai an wanke. Ga mutane kuma. Ni wallahi ban ma san ta inda zan fara gaya mata ba.”

“Ba sai ka fara ba, na ji.”

Hajiya Binta ce a bayan labule. Ta fito da hijabinta, ba ta dubi kwalin ba, zanen da ke ciki ta duba. Ta daɗe tana kallon sa.

“Wannan zanen Maman Rifkatu ne. Tare muka saya a kasuwar Dutse, ta ce nawa ya fi kyau, na ce mu yi musanya, ta ƙi.” Ta juya ga mijinta. “Alhaji, tun da muka tare a gidan nan, duk ranar da zan shiga wurinta sai ta ɗaure karyarta a bayan gida kafin in iso. Ban taɓa ce mata ta yi ba. Sai ta wanke hannu a gabana kafin ta miƙo mini ruwa, kuma ba ta taɓa nuna mini ta san na lura ba. Karyar tana kuka a bayan gida, ita tana yi mini hira kamar ba ta ji. To yau ’yar ta rasa wurin taka ƙafa, sai mu ce me?”

Alhaji ya ce, “Ai abin da nake shirin cewa ke nan.”

“Na sani,” in ji Hajiya. “Baban Rifkatu, ga sharaɗi. Bayan gida, gindin ayaba, nan za ta zauna. Ba ta shiga ɗaki, ba ta zuwa inda butoci suke. Ni ba zan taɓa ta ba. Baƙuwa ce, in lokacinta ya cika ta tafi.”

Daga nan sunan ya fito. Ni da na so in kira ta Dama Ƙarama.

Abin da ban zata ba shi ne yadda Hajiya ta riƙe maganar likita fiye da likitar. Ta sa aka kewaye gindin ayaba da tsohon langa-langa. Ta ɗaure ludayi a bakin doguwar sanda, da shi take zuba mata abinci daga nesa, kamar mai ba kada abinci. Ta ajiye babbar roba a bakin get da ruwan bilic, duk mai shigowa sai ya tsoma ƙasan takalminsa kafin ya cire, mai ruwa ne, mai gyaran wuta ne, abokan ofis ɗin Alhaji ne da takalmansu masu ƙyalli. Ni kuwa ta hana ni shiga ɗungurungum, tunda daga gidan ciwo nake fitowa. Sai in taka tsohuwar taya in leƙa ta saman katanga.

“Sauka, Baban Rifkatu! Ko numfashinka ban yarda da shi ba.”

“Hajiya, gaisuwa kawai zan yi.”

“Na isar. Ta ce tana amsawa.”

A namu ɓangaren ni da Yaya Laraba muka yi ta wanki. Muka ƙone buhunan da suka kwanta a kai, muka zubar da kwanonin, muka wanke siminti da bilic har hannayenmu suka yi fari. Sai gindin gwaiba. Likita ta ce ƙasa ba ta wankuwa, a kankare saman a kwashe. Na ɗauki shebur na tsaya. Nan mamanku take zama, har akwai ɗan lotsawa inda ƙafafun kujerarta suka ci ƙasa, kusa da shi kuma wani lotsawar mai faɗi, na Dama. Yaya Laraba ta karɓe shebur ɗin daga hannuna ta ce in je in duba mai a mota. Da na dawo wurin ya zama sabo, kamar ba wanda ya taɓa zama. Da yamma na kishingiɗa a kujera barci ya ɗauke ni, na ga Saratu tana tafiya a kan gadar Numan cikin farin hazo, Dama na gabanta, ba sa sauri, ba sa waiwaye. Ban ji tsoro ba. Na farka da ƙarar ludayi a kan kwano daga bayan katanga, da muryar Hajiya tana cewa, “A hankali, ke, ba wanda zai ƙwace.”

Kada ku ɗauka abin ya zo musu a banza. Maganar ta zaga layi. Wasu matan da suke karatu tare da Hajiya suka daina cin dambunta, wata ta aiko da kwano ta ce kada a mayar mata da shi. Yayan Hajiya ya zo daga Kano, dattijo mai ilimi, aka ce ya tsoma takalmi, ya tambayi dalili, aka faɗa masa. Ya juya ya koma mota bai sha ko ruwa ba, kuma ya daɗe bai sake zuwa ba. Da na ji, na je bakin get na ce a ba ni ita, zan san yadda zan yi. Hajiya ta fito idonta ja.

“Ka kai ta ina? Ka samo wata ƙasar ne?”

Na ce a’a.

“To ka koma gida. Yayana nawa ne, zai huce. Ita in ta mutu ba ta hucewa.”

Wata safiya kuma aka buga mana ƙofa da ƙarfi. Alhaji ne, hula a karkace. Baƙuwa ta yi amai, ta ƙi abinci. Na watsa ruwa, na sauya kaya da takalmi, Alhaji ya fito da motarsa ta zuwa ofis wadda ko gyaɗa ba a ci a ciki, na rungume kwali a baya, Hajiya a gaba tana jan carbi, har muka isa Kuje. Likita ta yi gwaji, muka tsaya muna kallon bakinta. Ta ɗago tana murmushi.

“Ba fabo ba ne. Amma wa yake ba shi abu mai yaji?”

Hajiya ta ce ita kunu da kifi take ba ta, sai ɗan tuwo. Na ce ni ko kusa ba a bari na je. Muka juya. Alhaji yana karanta wata takarda a bango da matuƙar natsuwa.

“Alhaji,” in ji Hajiya.

“Ɗan kilishi ne kawai. Jefa mata nake yi ta taga. To ta zuba mini ido, ya zan yi?”

A hanyar dawowa Hajiya ta yi masa faɗa tun daga Kuje har shataletalen filin jirgi, ni kuwa a baya dariya nake yi hawaye na zuba, ban san wanne ne ya fi yawa ba.

Aka gama allurai. Likita ta ce a ƙara haƙuri kaɗan, aka ƙara. Ranar da ta ce an gama, Hajiya ta buɗe langa-langar da sandarta ta ce, “To, baƙunci ya ƙare, ku ɗauki abarku.” Ta shige ɗaki ba ta tsaya ba. Na shigo da Baƙuwa gida, ta zama doguwa, ƙafafun nan na uwarta. Ta zaga tsakar gida, ta shinshina gindin gwaiba, ba ta sami kowa ba. Ta sha ruwa. Da aka kira magariba sai ta je gindin katanga ta zauna ta fara kuka, siririn kuka irin wanda Dama ke yi in an ɗaure ta. Washegari haka, wanshekare haka. In na buɗe ƙofa sai ta tafi get ɗin Alhaji ta kwanta. Na gane abin da ya faru: na tsirar da ita, amma ta tashi da muryar wasu. Ƙarar motata ba ta ce mata komai. Ƙarar ludayi kuwa ko a mafarki ta ji sai ta miƙe. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Yaya Laraba ta ce in ɗaure ta har ta manta. Na ɗauko igiyar, tsohuwar igiyar mamanku, na juya ta a hannu, na mayar inda take.

Da sati ya zagayo sai na ji guduma a jikin katanga. Na fito na ga tubali ya faɗo ta ɓangarenmu, ƙura na tashi, ga fuskar birkila a ramin, ga ƙafafun Alhaji a bayansa.

“Ranka ya daɗe, rushe mini gida za ka yi?”

“Ni ɗan aike ne, Sarkin Hanya. Tambayi mai umarni.”

Muryar Hajiya ta zo daga sama, ta daidai wurin da suke miƙa wa juna kwano ita da mamanku.

“Kukan nan ya hana ni sakewa. Ta riƙa kwana wurinku, ta yini gindin ayabarta. Kuma har yanzu ba zan taɓa ta ba, kowa ya sani.”

Har yau ba ta taɓa ta ba. Har yau ludayin yana ɗaure a sandarsa. Yanzu da nake rubuta muku wannan rana ta yi sanyi, Baƙuwa ta sako kai ta ramin, rabinta a gidanmu rabinta a nasu, ta yi barci a haka kamar yadda ta saba. Bulus, birkilanka ya yi fenti, ya gyara rufi, ya sauya get in yana so. In ya zo wurin ramin nan, ya shafe gefensa da siminti ya yi santsi, don ta fara tsufa, tubalin yana kurje mata baya.